Yadda ake neman tallafin karatu da bincike a kan al'adu da zamantakewar Japan

Kusan duk wanda na ji yana zancen zuwa karatu Japan, injiniyanci ko kwamfuta yake nufi. Ba kasafai ake tunawa da cewa gwamnatin ƙasar da gidauniyoyinta suna ware kuɗi kowace shekara domin baƙon da zai zo ya nazarce su su kansu ba: harshensu, tarihinsu, addinansu, tsarin iyali, makarantu, siyasa, sana'o'in hannu. Wanda ya karanta tarihi, ilimin zamantakewa, harsuna, shari'a, tattalin arziki ko ilimin koyarwa yana da rabo a cikin wannan kuɗi. Sai dai kuɗin yana bin abu biyu ne, tambaya mai kaifi da kuma malami a Japan wanda ya yarda ya karɓe ka. Duk sauran takardun da za ka tara rakiya suke yi wa waɗannan biyun, kuma shirya su yana cin kusan shekara guda.

Mataki na farko: gane ƙofar da ta dace da kai

Ƙofofin manya guda uku ne, kuma matsayin karatunka ne yake zaɓar maka ɗaya.

In kana da digiri na farko ko na biyu, kuma ba ka kai shekara 35 ba, ƙofarka ita ce tallafin gwamnatin Japan da aka sani da MEXT, wato gajeren sunan ma'aikatar ilimi, al'adu, wasanni, kimiyya da fasaha ta ƙasar. Tun 1954 ake ba da shi. Rukunin da ya shafe ka shi ne na ɗaliban bincike. Ana ɗauke maka kuɗin makaranta gaba ɗaya, a ba ka tikitin jirgi na zuwa da dawowa, sannan alawus na wata-wata: a shekarun nan yen 143,000 ga wanda bai shiga ajin digiri ba tukuna, 144,000 ga mai karatun digiri na biyu, 145,000 ga mai karatun na uku, da ƙarin yen 2,000 ko 3,000 a wasu yankuna. Akwai wani rukuni na MEXT da aka yi musamman domin nazarin Japan, na shekara ɗaya, amma sharaɗinsa shi ne ka kasance ɗalibin digiri na farko da ke karanta harshen Japananci ko al'adun Japan a matsayin babban fanninsa, kuma ba ka kai shekara 30 ba. Jami'o'in da ke da irin wannan sashe a Afirka kaɗan ne. Jami'ar Alƙahira ce ta yi fice, ta buɗe nata tun 1974. Yawancinmu ta rukunin bincike za mu bi.

In kuwa ka riga ka yi nisa a digiri na uku, ka gama darussa saura rubuta kundi, ko kuma kai malamin jami'a ne, ƙofarka ita ce Japan Foundation, gidauniyar da aka kafa a 1972 domin musayar al'adu. Tallafinta na nazarin Japan na masu ilimin ɗan Adam da na zamantakewa ne kawai; likita da injiniya ba su da shiga. Kashi uku ne: na ɗaliban digiri na uku, na malamai na dogon zango wanda yake kai wa wata 12, da na malamai na gajeren zango wanda yake farawa daga kwana 21. Wannan na ƙarshen ya dace da malamin da ba zai iya barin aji na shekara guda ba amma yana da hutun zangon karatu a hannu. Ana rufe karɓar takardu a farkon Disamba, sakamako ya fito wajen Afrilu.

Ƙofa ta uku ta wanda bai daɗe da kammala digiri na uku ba ce, wanda bai kai shekara 6 da samun shaidar ba. Hukumar JSPS, wadda ke tallafa wa bincike a Japan tun 1932, tana ba da wata 12 zuwa 24, da alawus na yen 362,000 a wata, da yen 200,000 na kama gida, da tikiti. Tana karɓar kowane fanni. A hanyar da ta fi buɗe wa kowa, kai ba ka aika mata takarda da kanka. Malamin da zai karɓe ka ne yake miƙawa ta hannun jami'arsa. Saboda haka in babu malami, maganar ma ba ta taso ba.

Kada ka ɓata lokaci a kan ƙofar da ba taka ba. Daga nan zan fi tsayawa a kan MEXT, domin ita ce ta fi shafar mutane da yawa, kuma wanda ya iya shirya takardunta ya iya na sauran.

Mataki na biyu: tambayar

Nan ne ake faɗuwa, nan ne kuma ake tsira. Ga abin da mutane da yawa suke rubutawa: ina sha'awar al'adun Japan saboda ladabin mutanenta da ci gabansu, ina so in nazarci sirrin wannan ci gaba domin in amfanar da ƙasata. Mai tantancewa ya karanta irin wannan har ya gaji. Babu wuri a ciki, babu mutanen da za a tambaya, babu abin da za a iya cewa an gano bayan shekara biyu.

Ka duba wannan kuma. A lardin Tokushima, a bakin kogin Yoshino, akwai 'yan tsirarun gidaje da har yanzu suke haɗa shuni irin na gargajiya. Suna busar da ganyen, su tara shi a ɗaki, suna yayyafa ruwa suna juyawa har kimanin kwana 100, sai ya ruɓe ya zama abin da suke kira sukumo, wanda marina ke saya su haɗa da ruwan toka. Ɗan Kano da ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata, ya ga an zuba baba da toka da katsi a rami an bar shi ya nuna, ya shaƙi warin, ya ga hannun marini ya rine har gwiwar hannu, ya riga ya san rabin labarin. Shukar ba iri ɗaya ba ce, amma matsalar ɗaya ce: shunin kanti ya zo da araha, kuma 'ya'yan masu sana'a sun kama wata hanya. Japan ta yi dokar kare kayan al'adu a 1950, ta ƙara da dokar tallafa wa sana'o'in hannu na gargajiya a 1974. To me waɗannan dokoki suka canza a rayuwar mai haɗa shuni a Tokushima? Wa yake gadon sana'ar yanzu, ɗan gida ko baƙon da ya zo koyo daga birni? Wa yake sayen kayan, a kan nawa? Wannan tambaya ce da ake iya amsawa da hira da takardun ƙungiyoyin masu sana'a, kuma mai yin ta yana da abin kwatance da ɗalibi daga Jamus ko Amurka ba shi da shi.

Ra'ayina ke nan: jarin Bahaushe a wannan gasa shi ne abin da ya riga ya sani daga gida. Ba za ka fi ɗan Koriya ko ɗan Sin karanta tsofaffin rubuce-rubucen Japan ba, domin sun girme ka a harkar da shekaru. Amma akwai wuraren da idonka yake ganin abin da nasu ba ya gani. Misali, fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata a Japan ƙona su ake yi, maƙabartun da ke karɓar binnewa irin ta Musulunci kuma ƙalilan ne. A garin Hiji na lardin Oita an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan buƙatar ƙungiyar Musulmin Beppu ta samun filin maƙabarta. Wanda ya san hukuncin jana'iza daga ciki zai iya zama da ɓangarorin biyu ya fahimci abin da kowa yake tsoro. Ko ka ɗauki tsufan al'umma: kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun haura, kuma a 2024 jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba. Wa yake kula da tsoho a ƙauyen da matasa suka watse? Ga littafin lafiyar uwa da jariri da suke ba kowace mai ciki tun 1948, wanda JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ta taimaka aka yi irinsa a Gana. Ga ciyar da ɗalibai a makaranta, mai doka tun 1954, inda yara da kansu suke raba abinci su kuma share aji. Ga ma abin da ya faru a Agustan 2025, lokacin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, da JICA ta haɗa garin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci, jita-jita ta bazu cewa biza ta musamman za a raba, ƙorafi ya yi wa ofishin garin yawa, har aka janye shirin a watan Satumba. Mai nazarin kafofin sadarwa yana da kundi sukutum a cikin wannan wata gudan.

Sharuɗɗa biyu na MEXT suna taƙaita zaɓinka. Dole fannin ya kasance wanda ka karanta a jami'a ko mai kusanci da shi, saboda haka mai digirin ilimin zamantakewa ya tsaya a nasa layi. Na biyu, ba sa ɗaukar wanda zai je koyon wasan gargajiya irin su kabuki ko rawa a aikace. Nazarinsu a matsayin ilimi daban, zama almajirin mai rawa daban.

Mataki na uku: harshe

Takardar MEXT ta faɗa ƙarara cewa wanda zai yi bincike a kan adabin Japan, tarihinta, shari'arta ko ilimin harshenta, ba za a zaɓe shi ba sai Japanancinsa ya isa aikin. A sauran fannoni Turanci yana iya ɗaukar ka, kuma akan ba sabon zuwa darasin harshe na wata 6 kafin ya fara. Amma ka yi wa kanka adalci: wanda ya ce zai yi hira da tsofaffin marina a ƙauye, da wane baki zai yi ta?

Ka fara yau. Haruffan hiragana da katakana, kowanne 46, ana iya haddace su cikin 'yan makonni, kuma wanda ya yi karatun allo ya san yadda ake wannan aiki. Kanji, haruffan da suka aro daga Sin, su ne dutsen, su kuwa sai a hankali. Japan Foundation tana da darussa kyauta a intanet a dandalinta mai suna Minato, waɗanda suka haɗa da kwas ɗin Marugoto. Jarrabawar da ake auna ƙwarewa da ita sunanta JLPT, matakinta biyar, N5 ne ƙarami N1 ne babba, ana yin ta a Yuli da Disamba, kodayake wasu garuruwan sau ɗaya suke yi a shekara. Ka duba shafin jarrabawar ka ga gari mafi kusa da kai. Bahaushe yana da wata 'yar sa'a a nan: Japananci ma yana bambanta dogon wasali da gajere, yana kuma da baƙi mai ɗauri, abubuwan da ke wahalar da Bature amma kunnenmu ya saba da su tun yarinta.

Mataki na huɗu: takardu, da kalandar shekara

Hanyar ofishin jakadanci ita ce aka fi bi. Ɗan Najeriya ofishin Japan da ke Abuja zai nema, ɗan Gana na Akara, ɗan Kamaru da ɗan Chadi na Yawunde, ɗan Nijar kuwa ofishin da ke Abijan ne yake kula da ƙasarsa. Sanarwa takan fito wajen Afrilu zuwa Mayu a shafin ofishin, kuma wa'adin gajere ne. Ana yin jarrabawa da ganawa tsakanin Yuni da Yuli, sakamakon ƙarshe daga Tokyo ya zo a farkon shekara mai zuwa, a tashi a Afrilu ko kuma Satumba zuwa Oktoba. Neman kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Abubuwan da ake nema: fom ɗin neman tallafi da hoto, fom ɗin zaɓin jami'o'i wanda ke ɗaukar har guda uku, tsarin bincike, takardar sakamakon darussa na duk shekarun jami'a, shaidar digiri, wasiƙar shaida daga shugaban tsangaya ko malamin da ya duba aikinka, wata daga wurin aiki in kana aiki, takardar lafiya a kan fom ɗinsu wadda likita zai cike, da taƙaitaccen bayanin kundinka in ka rubuta. Kowace shekara akan ɗan taɓa sharuɗɗan, saboda haka ka sauko da takardar shekarar da kake nema, ka karanta ta layi-layi da biro a hannu. In an ce kwafi biyu, biyu. In an ce a rubuta lamba a kusurwar dama ta sama, ka rubuta. Mutanen nan suna ɗaukar bin ƙa'ida a matsayin shaidar hali.

Takardar sakamako ce take kashe mutane. Na taɓa bin tawa a wata jami'a na makonni, yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe fayil ɗin yana wani ofishi, jibi babu wuta a buga. Da wa'adin wani tallafi nake bi a lokacin, da ya wuce ni ina tsaye a baranda. Ka nemi taka tun Janairu, ka karɓi fiye da kwafi ɗaya mai hatimi, ka haɗa da bayanin yadda jami'ar take lissafin maki. Takardar da ke cikin Faransanci ko Larabci tana buƙatar fassara zuwa Turanci ko Japananci. Ka kuma tabbatar sunanka iri ɗaya ne a fasfo da shaidar digiri. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne da ke jawo dogon bayani.

Wasiƙar shaida kuma, kada ka tari malaminka a bakin mota ka ce gobe ake rufewa. Ka same shi a ofis da wata guda a gaba, da tsarin bincikenka a hannu: "Malam, ga abin da nake son yi, in Malam ya samu sarari ya duba min, sannan ina roƙon wasiƙa." Malamin da ya karanta tsarin zai rubuta abin da ya shafe ka, ya ambaci kundin da ka yi a hannunsa. Wanda aka tara a gurguje zai sa hannu ne a kan wasiƙar da ya ba mutum goma kafin kai.

Mataki na biyar: rubuta tsarin bincike

Fom ɗin yana ƙayyade tsawo, a shekarun nan shafi biyu. Ka buɗe da take da tambayar cikin jimla ɗaya ko biyu. Ka faɗi abin da masana suka riga suka rubuta da gurbin da suka bari, a taƙaice, kana ambaton aikin da ka karanta da gaske, musamman na Japanawa. Rumbunan J-STAGE da CiNii suna buɗe a intanet, kuma maƙaloli da yawa suna da taƙaitawa da Turanci. Sannan hanya: a wane gari, da su wa, hira nawa, waɗanne takardu, a wane ɗakin karatu. Sai jadawali, zango-zango, daga watannin koyon harshe zuwa jarrabawar shiga digiri, zuwa aikin fili, zuwa rubutu. Ka rufe da dalilin da ya sa aikin ba zai yiwu ba sai a Japan, da abin da za ka yi da shi in ka dawo, a faɗe shi a sarari: wane darasi za ka koyar, a wane sashe, wace maƙala za ka fitar.

Ka ba wanda ba fanninku ɗaya ba ya karanta. In ya kasa maimaita maka tambayar da bakinsa, koma ka gyara. Ka guji kwafo tsarin wani daga intanet ko ba na'ura ta rubuta maka, domin a ganawa a kan wannan shafi biyun za a tsare ka, kuma wanda bai haifi magana ba ba ya iya kare ta.

Mataki na shida: jarrabawa da ganawa

Wanda takardunsa suka tsallake akan kira shi jarrabawar Turanci da ta Japananci. Ko ba ka iya Japananci sosai ba, ka amsa abin da ka sani, kada ka miƙa farar takarda. Ga mai cewa al'adun Japan zai nazarta, farar takarda tana ƙaryata shi. Tambayoyin shekarun baya suna nan a shafin Study in Japan na JASSO, hukumar kula da harkokin ɗalibai ta Japan, ka sauko da su ka gwada kanka da agogo.

A ganawa, ka iso da wuri sosai. A wurinsu wanda ya zo daidai kan lokaci ya kusa makara. Za a tambaye ka bincikenka, dalilin zaɓen Japan, yadda za ka jure baƙunta, da shirinka bayan dawowa. Ka shirya bayanin aikinka na minti biyu ba tare da kalmomin fanni masu nauyi ba, ka kuma iya gabatar da kanka da Japananci ko da jimla huɗu ce. In an tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tukuna, ga yadda za ka bincika.

Mataki na bakwai: samun malami

Bayan ka ci zagayen farko, ofishin jakadanci zai ba ka takardar shaida, da ita za ka nemi jami'o'i su ba ka wasiƙar amincewa ta wucin gadi. Lokacin ƙanƙane ne, kuma yana faɗawa cikin Agusta, watan hutun bazara da bikin Obon, lokacin da ofisoshin jami'a kan rufe na kwanaki, malamai kuma su tafi aikin fili. Wanda sai a lokacin zai fara neman sunan malami ya makara. Jerin sunayenka ya kasance a shirye tun kafin Afrilu. Akwai iyakar jami'o'in da aka yarda ka tuntuɓa a lokaci guda, ka duba takardar shekarar. Jami'o'i da yawa kuma suna son a bi ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin a taɓa malami, kowace ta rubuta tsarinta a shafinta.

Yadda ake farautar malami: ka shiga researchmap, inda masanan Japan ke ajiye tarihin aikinsu, da KAKEN, rumbun ayyukan binciken da gwamnati ta ba kuɗi. Ka sa kalmomin bincikenka, da Turanci da kuma Japananci. Ka bi mutum, sunan jami'a ya biyo baya. Kowa Tokyo da Kyoto yake rubutawa, alhali mai aikin da ya dace da naka yana iya kasancewa a wata jami'ar lardi inda haya ke da sauƙi kuma malami yake da lokacinka. Ka duba shekarunsa ma, domin a jami'o'in gwamnati da yawa ana ritaya a shekara 65, kuma wanda ya rage masa shekara ɗaya ba zai ɗauki ɗalibin digiri na uku ba.

Akwai wuraren da sunan Hausa ba baƙo ba ne. A Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokyo akwai cibiyar harsuna da al'adun Asiya da Afirka, wadda aka kafa a 1964, inda Shuji Matsushita ya yi shekaru yana aiki a kan Hausa. A Jami'ar Kyoto, Shuichi Oyama ya daɗe yana bincike tare da manoma Hausawa a yankin Dogonduci na Nijar, a kan farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar zuba mata sharar birni. Sai dai ka lura, masanin Afirka zai so ka nazarci Afirka. In Japan ce abin nazarinka, masanin Japan kake buƙata, waɗancan kuwa su zama masu nuna maka hanya. Ga malamai masu neman masauki a ƙarƙashin Japan Foundation ko JSPS, akwai Nichibunken a Kyoto, cibiyar nazarin Japan ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1987, da Minpaku, gidan tarihin al'adun al'ummomi da ke Suita a Osaka.

Wasiƙar imel ta zama gajera. A taken saƙon ka sa sunan tallafin da naka. Ka kira shi da sunan danginsa haɗe da Sensei, wato Malam, ko Farfesa. Jimla ta farko ta faɗi ko kai wane ne da cewa ka ci zagayen farko. Ta biyu ta ambaci wata maƙalarsa da ka karanta da abin da ya haɗa ta da tambayarka, kamar ka ce: na karanta aikinku a kan gadon sana'a a gidajen masu haɗa shuni, ni kuma kundina na digiri na farko a kan marinan Kano ne, ina so in gwada ko abin da kuka gano game da magada daga waje yana faruwa a wasu sana'o'in yankin. Sai roƙon, sai ranar da wa'adi zai cika, sai takardun da ka liƙa. Ban da dogon kirari, ban da labarin talauci, ban da aika saƙo ɗaya ga malamai goma na sashe guda. Suna cin abincin rana tare. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka matsa gaba. Amsar da ta ce abin zai ɗan yi wuya, a bakin Bajapane, a'a ce.

Akwai hanya ta biyu ta MEXT, inda jami'a ce take miƙa sunanka ba ofishin jakadanci ba. Tana buƙatar maki 2.30 cikin 3.00 a ma'aunin MEXT da shaidar harshe, N2 a Japananci ko matakin B2 na ma'aunin harsuna na Turai a Turanci, kuma kowace jami'a da nata wa'adin, yawanci daga ƙarshen shekara zuwa farkon mai bi mata. Wanda ya faɗi a ofishin jakadanci a Yuli yana iya juyawa nan da tsarin binciken da ya riga ya goge.

Mataki na takwas: bayan an ce ka samu

Ka riƙe kuɗi a hannu. Alawus na farko ba ya shiga sai bayan wata guda ko ɗaya da rabi, shi ya sa MEXT da kanta take ba da shawarar a zo da kimanin dala 2,000. Ma'aikaci ya fara neman izinin hutun karatu tun ranar da ya ci zagayen farko. A manyan filayen jirgi za a ba ka katin zama. Cikin kwana 14 da samun masauki ka kai shi ofishin ƙaramar hukuma a rubuta adireshi, a nan kuma za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin asibiti. Sai asusun bankin gidan waya, inda alawus ke shiga. Kowane wata akwai sa hannu a ofishin jami'a domin tabbatar da kana nan, wanda ya tsallake ya rasa kuɗin watan. In an ba ka ɗakin kwanan ɗalibai ka karɓa, domin hayar waje tana zuwa da kuɗin ajiya da wani da ake kira reikin, na godiya ga mai gida, wanda ba ya dawowa.

Ka sani kuma cewa matsayin ɗalibin bincike ba digiri ba ne. Sai ka ci jarrabawar shiga digiri na biyu ko na uku ta jami'ar, ka kuma nemi a tsawaita maka tallafin a kan lokaci. Ka tambayi Sensei ranakun biyun a makonka na farko.

Batun abinci, ka haddace harafin kanji na alade da na giya kafin ka sauka, ka kuma san cewa mirin, wanda ake zubawa a miya da yawa, yana da giya a ciki. Masallatai suna nan a manyan garuruwa, daga na Kobe da aka gina a 1935 zuwa Tokyo Camii, kuma a kusa da su ake samun shagunan halal. In taron mako-mako na ɗaliban Sensei, wanda suke kira zemi, ya faɗo a kan lokacin Juma'a, ka gaya masa tun ranar farko, kafin a buga jadawalin zango.